Birnin Gwari: Maganin Da Ke Tafin Hannun Mata

A wannan wata, uwargida, sai ki ɗauko mayafinki ki gyara goyo, domin kuwa yamma da Kaduna muka dosa, garin da a 'yan shekarun baya ambaton sunansa kaɗai kan sa gaban matafiyi ya faɗi, wato Birnin Gwari. Labarin bindiga dai kin sha jin sa a rediyo har kin gaji. Abin da za mu je dubowa shi ne halin da zukatan mata da yara suke ciki bayan ƙarar bindigar ta lafa, da kuma wani magani da yake tsakar gida tun kaka da kakanni, wanda yanzu likitocin zamani suka dawo suna yaba shi.

DAGA MANDO ZUWA BIRNI

In kika fita daga Kaduna ta Mando, tafiyar kimanin kilomita 120 ce za ta kai ki. Za ki wuce Buruku da Udawa da Kuriga, gonakin masara da dawa suna bin ki dama da hagu, can nesa kuma duwatsu sun yi cirko-cirko a cikin daji. Ƙasa ce mai albarkar noma, ga zinariya a ƙarƙashinta, kuma ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja. Daga garin, hanya ɗaya ta miƙe zuwa Funtuwa, ɗaya kuma ta gangara Tegina, inda manyan motoci masu zuwa Legas suka saba bi tun da daɗewa.

Sai dai kash, sunaye da yawa a wannan yanki suna da tabo. A Dogon Dawa, cikin Oktoban 2012, 'yan bindiga suka kashe kimanin mutum 20 da asuba, lokacin fitowa daga masallaci. A Gwaska, ranar 5 ga Mayun 2018, aka rasa aƙalla mutum 45. A ƙarshen 2021 har layukan waya aka katse na wani lokaci, aka hana hawa babur, aka dakatar da cin kasuwannin mako. Kuriga ɗin nan da muka wuce, wadda take ƙaramar hukumar Chikun, nan ne aka kwashe 'yan makaranta ranar 7 ga Maris na 2024, sai bayan kwana 17 aka kuɓutar da 137. Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Maigwari II, ya sha fitowa a waɗancan shekaru yana kai kukan jama'arsa ga hukuma.

A ƙarshen Nuwamban 2024 ne Gwamna Uba Sani ya je garin, aka ƙulla sulhu da wasu daga cikin masu ɗauke da makamai, aka sake buɗe kasuwar shanu, wato kara, wadda ta yi kimanin shekara 10 a rufe. Motocin dabbobi da na hatsi suka koma bin hanya, manoma da dama suka koma gonakin da suka daɗe ba su taka ba. Alhamdu lillahi. To amma ke uwa ce, kin san buɗe kasuwa aikin yini ɗaya ne, yaron da ya kwana 17 a daji kuwa ba ranar da ya dawo gida yake dawowa hayyacinsa ba.

DAJIN DA YA ZAMA ABIN TSORO

Yaran da aka haifa a shekarun nan, in aka ce musu daji, abu ɗaya ne ke zuwa ransu. Kakanninsu kuwa wani daji suka sani daban. Tun 1936 hukumar En'e ta keɓe dajin Kamuku, a 1999 kuma aka ɗaga shi ya zama gandun daji na ƙasa, mai faɗin murabba'in kilomita 1,120 ko kusa da haka. Ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Daji ne na doka da maje da kaɗanya da taura, bakin rafuka kuma ga tukurwa. A da an san shi da giwaye da gwanki da mugun dawa da tsuntsaye iri-iri. A cikinsa ne ruwan Dogon Ruwa yake kwararowa daga kan dutse. A cikinsa Goron Dutse yake, wani tsauni sumul da ke tsaye shi kaɗai, jikinsa da zanen fari da baƙi sai ki ce saƙi. Ga kuma Tsaunin Rema, inda duwatsu suka hau kan juna, remaye suna shan hantsi a kai.

Shiga dajin dai sai ranar da hukuma da mutanen gari suka ce ya yi lafiya. Abin lura a nan shi ne, daga irin wannan daji da bakin rafukansa ne matan ƙasar suke samo kayan aikin hannunsu tun fil azal: ciyawa da ganyen tukurwa na saƙa, yumɓun ginin tukwane, ƙwarar kaɗanya ta man kaɗe, makuba ta daɓe. Gwarawa, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi, da Kamukawa sun yi suna wajen ginin tukwane da saƙa. Duba bayan takardar naira 20 da ke cikin jakarki. Matar nan da ke gina tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali na yankin Abuja, wadda tukwanenta suka kai har Ingila da Amurka kafin rasuwarta a 1984. Matar da aka tasa daga ƙauyenta ta dawo cikin Birnin Gwari ta raɓe a ɗakin 'yan'uwa, ta baro gona, ta baro rafi, hannunta ma ya rasa abin taɓawa. Kin kuwa san abin da zaman jugum yake yi wa zuciyar da ke cike da tunani.

RAUNIN DA BA YA JINI

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Likitoci sun yi bayanin dalili. Idan mutum ya ga tashin hankali, jikinsa kan saki wasu sinadarai da ke sa zuciya ta yi saurin bugawa, numfashi ya yi sama-sama, jijiyoyi su ɗaure, domin ya samu ƙarfin gudu. Wannan rahama ce daga Allah. Matsalar ita ce, a wajen wasu, hatsarin yakan wuce amma jikin ya ƙi sauka daga shirin gudun. Sai ki ga mace ta ji ƙarar babur ta saki ludayi. Ba ta runtsawa sai gefen asuba, ga ciwon kai, ga faɗuwar gaba, an je asibiti an auna ba a ga komai ba. Yaro ɗan shekara tara ya koma fitsarin kwance, yarinya mai surutu ta yi gum, wani kuma ya zama mafaɗaci, abu kaɗan sai duka.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin cewa a wuraren da aka yi fama da rikici, kimanin mutum 1 cikin 5 yana ɗauke da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa ko firgici. Ki auna wannan da taron suna guda a Kuyello ko Randagi ko Kakangi.

Mu kuma an rene mu a kan kunya da kawaici, an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Matar da aka riƙe a daji, wani abin da ta gani ko mijinta ba za ta iya gaya wa ba, ga tsoron bakin mutane. In ta yi kuka a ce ba ta da tawakkali, in ta yi shiru a ce ta warke, in ta zabura cikin dare a ce iska ce. Alhali kuwa Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙubu (AS), wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Nana A'isha (RA) kuwa, in aka yi rasuwa a danginta, bayan masu gaisuwa sun watse takan sa a dama talbina, wani irin kunun sha'ir, a ba masu makoki, saboda ta ji daga Manzon Allah (SAW) cewa tana sanyaya zuciya ta rage baƙin ciki. Kin ga ke nan tun wancan zamani an san ana bi ta jiki a isa ga zuciya.

INDA BAKI YA KASA, HANNU YAKAN KARƁA

Tuna yadda kakarki take zaman kaɗi. Ta gurje auduga, ta shiɓe ta, ta dangwali alli ta murza mazari, zare yana fita siriri. Ko mai saƙar faifai: ta soka, ta ja, ta zagaya, ta sake sokawa. Aikin yana maimaita kansa, dole ido da yatsu su tsaya wuri ɗaya, sai numfashi ya daidaita, tunanin da ke kai da komo ya samu abin kamawa. Mai firgici kullum ranta yana can a ranar da abin ya faru, zaren da ke hannunta kuwa yana jawo ta ya dawo da ita yau. Sannan wadda aka raba da gida da dabbobi, aka nuna mata ba ta da iko a kan komai, yau ga abu ta fara da hannunta, ita ta zaɓi launinsa, ita ta gama shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajenta.

Haka ma waƙoƙin niƙa da na daɓe da luguden daka. Iyayenmu ba su san likitan ƙwaƙwalwa ba, amma mace takan durƙusa gaban dutsen niƙa ta rera abin da ke cin ta, kewar gida ko zafin kishiya ko rashin ɗa, ta fito da shi cikin habaici, kowa ya ji, kuma ba mai cewa ta yi rashin kunya. Da injin niƙa da siminti suka zo mun huta da wahala, sai dai wannan ƙofa ta amayar da ciki ta rufe tare da zuwansu.

Turawa kuwa har asibiti suka shigar da abin. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya an riƙa koya wa sojojin da suka dawo a raunane ko a firgice saƙar kwando da ɗinkin ado a asibitocin Ingila. A 1942 wani mai zane, Adrian Hill, wanda ya ga yadda zane ya taimake shi sa'ad da yake jinyar tarin fuka, ya raɗa wa abin suna jinya ta hanyar zane, yau kuma fanni ne da ake karantawa a jami'a. A 2016, a Jami'ar Drexel ta Amurka, an ba mutum 39 yumɓu da takarda da alƙaluman launi na tsawon minti 45, aka auna yawunsu kafin su fara da bayan sun gama. Kusan uku cikin kowane huɗu, sinadarin kotisol, wanda ke hauhawa lokacin damuwa, ya sauka a jikinsu, kuma gwani da ɗan koyo duk ɗaya. Wannan ƙaramin bincike ne, amma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara rubuce-rubucen bincike sama da 900 a kan zane da waƙa da makamantansu, ta nuna suna taimakawa wajen kare lafiya da kuma jinya.

A nan gida ma, matan Bama da Boko Haram ta koro zuwa sansanonin Maiduguri daga 2014 sun riƙe ɗinkin hula, suna zama rukuni-rukuni a inuwa, allura na aiki, hira na tafiya, kuɗin cefane na shigowa. Gidauniyar Neem ta Dokta Fatima Akilu kuwa ta riƙa bin al'ummomin Borno da ƙwararrun masu ba da shawara, tana haɗa zaman tattaunawa da zane da sana'a.

FAIFAI DA ƘWARYA

Akwai wani ciwon kuma da ya wuce na mutum ɗaya. Kafin fitina, Bafulatana mai tallar nono tana shiga gidan Bahaushiya har tsakar gida, ta sauke ƙwarya ta sha ruwa, wani lokaci ma a nan za ta yi azahar. Wannan ta ba da nono da man shanu, waccan ta ba da hatsi ko faifan rufe ƙwarya. Fitina ta shiga tsakaninsu. Gaskiya kuwa ɗaya ce, akwai zawarawa da marayu a ƙauye, akwai su a ruga. Maza sun yi sulhu a gaban gwamna, amma yaran da za su riƙe sulhun ko su warware shi nan da shekara 15, yanzu suna gindin murhu tare da iyayensu mata, suna jin abin da ake faɗa.

A ƙasar Ruwanda, inda aka kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100 a 1994, an samu matan ɓangarorin biyu, wadda aka kashe wa miji da wadda mijinta ke kurkuku saboda kisan, sun zauna wuri ɗaya suna saƙa wani ɗan kwando mai murfi mai tsini da suke kira agaseke. Aiki ne ya fara haɗa su, magana ta biyo baya. Daga 2005 har a manyan kantunan Amurka aka riƙa sayar da kwandunan nasu.

Mu ma muna da namu abin koyi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta taso cikin yaƙe-yaƙe, ta yi rashin 'yan'uwa da aminai, ta kuma zuba baƙin cikinta cikin waƙoƙin makoki da ta yi musu. Ita ce ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa shugabanni mata da ake kira jaji, suna tara matan ƙauyuka suna koya musu addini ta hanyar waƙoƙi masu sauƙin hadda. Taron mata domin ilimi da gyaran zuciya gadonmu ne.

ABIN DA ZA KI IYA YI

Ba sai kin je Birnin Gwari ba, 'yar'uwa. Ko a Kaduna kike, ko Zariya ko Funtuwa ko Kano, da wuya a rasa wadda fitina ta koro a unguwarku ko a Islamiyyarku. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

1. Ku ware yini ɗaya a mako, da izinin mazajenku, ku zauna kamar mutum biyar zuwa takwas a gidan da aka amince da shi. Ku buɗe da addu'a. Kayan aiki ba su da tsada: kaba da rini, ko zare da allura, ko kwarashi, ko lalle. In akwai Bafulatana a kusa, a shimfiɗa mata tabarma ita ma.

2. Kada ki tambayi baƙuwarki abin da ya same ta. Miƙa mata aiki kawai. In ta iya wata saƙa da ba ki iya ba, roƙe ta ta koya miki. Wadda ta gaji da miƙa hannu ana ba ta, ranar da aka zauna gabanta ana koyo, ki dubi fuskarta.

3. In magana ta zo da kanta, ki saurara. Kada ki tare ta da "yi haƙuri" tun ba ta kai aya ba. Abin da aka faɗa a wurin amana ne, kada ya bi ki gidan biki.

4. Kada a kushe aikin kowa. In faifai ya karkace, a bar shi ya karkace, na gaba zai miƙe.

5. Yara kuwa a ba su takarda da fensir mai launi, ko laka, ko kara su yi mota. In yaro ya zana babur da bindiga, kada ki tsawata ki yage. Ce masa, "Zo ba ni labarin wannan." Da dare ki yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, wani lokaci ki bar yaron ya ƙarasa ta yadda yake so. 'Yan mata a bar su su yi gaɗa a tsakar gida. Batun zanen abu mai rai, ki nemi bayani wajen malaminki. An dai ruwaito Nana A'isha (RA) tana wasa da 'yar tsana a ƙuruciyarta, manya kuma ga zanen itace da gida da dagi da zayyana, fili ne mai faɗi.

6. In kaya sun taru ku sayar, ku kafa adashi. Uwar Muminai Zainab bint Jahsh (RA) jima take yi da ɗinkin fata da hannunta, ta yi sadaka da abin da ta samu.

INDA ZA A TSAYA

Duk wannan taimako ne, yana tafiya tare da salla da azkar da karatun Alƙur'ani, kuma ba ya hana zuwa wurin likita. In kika ga mace ta daina cin abinci, ko ta jera kwanaki ba barci, ko tana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ta fara maganar kashe kanta ko cutar da jaririnta, ko ta kama shan kayan maye, to a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa cikin Kaduna, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ma yana da sashen. A Janairun 2023 an sa hannu a sabuwar dokar da ta kare haƙƙin masu irin wannan lalura a Nijeriya. Zuwa wurin ba abin kunya ba ne, kamar zuwa awon ciki ne ko na hawan jini.

Allah Ya zaunar da Birnin Gwari da kewayenta lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya sanyaya zukatan zawarawa da marayu na ƙauye da na ruga. Ya nuna mana ranar da malamai za su jera 'yan makaranta su kai su Dogon Ruwa kallon ikon Allah, iyaye mata suna gida hankalinsu kwance. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.